Ogana ya ce in buɗe kamfani da sunan matata

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa na gwamnati a nan jihar Bauchi. Ina ɓangaren sito. Ni nake rubuta abin da ya ƙare, ni nake karɓar kaya idan ɗan kwangila ya kawo, in sa hannu cewa sun cika, sannan a haɗa masa baucar biya. Wani lokaci ana sa ni cikin ƙaramin kwamitin da ke duba takardun farashi. Kwanakin baya ogana ya kira ni ofis, ya ce ya lura ni kaɗai ne ba na samun komai, in je in yi rajistar kamfani da sunan matata a riƙa ba ni ƙananan ayyuka: man janareta, dusa da harawa, fenti, gyaran famfo. Ya ce kowa haka yake yi, kuma tunda da gaske zan kawo kayan, ba sata ba ce. Ga kuma ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da shagon kayan gini a cikin gari, ya daɗe yana roƙona in sa shi a hanya. Har ya kai ƙarata wajen Hajiya, ita kuma ta ce ina amfanin kujerata idan ɗan'uwana bai ci arziƙinta ba. Albashina ba ya kai ni tsakiyar wata, ga 'ya'ya, ga haya, ga bashi. Malam, idan na kawo kaya masu kyau a farashin kasuwa, ina laifina? Kuma yaya zan yi da maganar mahaifiyata?

Naka, mai neman mafita, daga Bauchi.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka wannan ƙunci, ya buɗa maka ta inda ba za ka yi da-na-sani ba.

Kada ka buɗe kamfanin nan. Na fara da wannan ne don kada tsawon bayani ya sa ka ɗauka akwai wata kafa da na bar maka. Maganar ƙanenka daban ce, tana da hanya, kuma zan zo kanta. Amma kamfani da sunan iyalinka, wanda zai riƙa sayar wa ofishin da kake riƙe da makullin sitonsa, wannan babu yadda za a juya shi ya halatta.

Ka ce za ka kawo kaya masu kyau a farashin kasuwa. Na yarda har zuciyarka haka kake nufi. To amma wa zai tabbatar? Abin da gwamnati ke biyanka albashi a kansa shi ne ka zama idonta a bakin sito. Ranar da aka kawo man dizal aka tsoma sanda a tanki aka ga bai kai yadda aka rubuta ba, kai ne mai cewa ba ka karɓa. Ranar da dusa ta zo da ƙasa a ciki, ko ta jiƙe ta yi fumfuna, kai ne mai mayar da ita. Idan man naka ne, dusar taka ce, kuma kuɗin da ka sayo su da shi rance ne da mai shi ke jira, wa zai mayar? Ka ɗauka ka ba mutum kuɗi ya je kasuwar Muda Lawal ya sayo maka buhun masara, ya dawo ya ce ya samo mai kyau a farashi mai sauƙi, daga baya ka ji ashe masarar rumbunsa ce ya auna maka. Ko da masarar ta yi kyau, ba za ka ƙara aikensa ba, domin ka aike shi ne ya tsaya maka wajen ciniki, shi kuwa ya tsaya wa kansa.

Shi kansa farashin kasuwar ba zai daɗe a hannunka ba. Gwamnati ba ta biya ranar da aka sauke kaya. Fayil zai yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, a cire haraji tun kafin kuɗin su iso, wani lokaci a yi watanni ana jiran a saki kuɗi. Sannan wanda ya ba ka aikin yana jiran nasa kason, ko bai furta ba yanzu. Idan ka lissafa duk wannan, ribar da ta rage ba ta isa komai ba, sai dai a ƙara farashi a takarda ko a rage kaya a tanki. Kuma mai sa hannu cewa kaya sun cika kai ne. Yawancin waɗanda suka lalace a wannan hanya da niyya irin taka suka fara, lissafi ne ya tura su.

Doka kuma ba ta yi shiru ba. Kundin tsarin mulkin 1999, a Jadawali na Biyar, ya shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, kuma bai tsaya kan gwamnoni da kwamishinoni ba. Ma'aikacin jiha, da na ƙaramar hukuma, da na hukumomin gwamnati duk suna ciki. Sakin layi na 1 ya hana ma'aikaci jefa kansa inda amfanin kansa zai yi karo da aikin da aka damƙa masa. Ka lura bai ce sai an kama mutum da sata ba, shiga wannan matsayi kaɗai ya isa a tuhume shi. Sakin layi na 2 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Sai sakin layi na 13, wanda ya rufe ƙofar da oganka ke nuna maka: abin da aka hana ma'aikaci, idan ya yi shi ta hannun wakili ko wanda ya ajiye a madadinsa, shi ya aikata. Kotun ɗa'ar ma'aikata tana da ikon raba mutum da kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙamin gwamnati har tsawon shekara goma, ta kuma ƙwace abin da ya tara ta wannan hanya.

Dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, ta shekarar 2000, ta fi wannan zafi. Sashe na 12 ya ce ma'aikacin da ya mallaki wani rabo na kansa, kai tsaye ko ta bayan fage, a kwangilar da ta fito daga ofishin da yake aiki, hukuncinsa ɗaurin shekara bakwai ne. Abin da aka keɓe kawai shi ne mai hannun jari a kamfanin da masu shi suka haura mutum 20, ba irin wanda miji da mata za su buɗe a falo ba. Sashe na 19 kuma ya tanadi shekara biyar, babu zaɓin tara, ga wanda ya yi amfani da kujerarsa ya ba kansa ko ɗan'uwansa ko abokin hulɗarsa fifikon da bai cancanta ba. Ka riƙe wannan sashen a ranka, zai dawo idan mun zo kan ƙanenka.

Wataƙila oga ya ce maka wa zai sani. A da, mai yiwuwa. Yanzu dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a bayyana wa hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ainihin wanda ke juya kamfani, kuma kowane asusun banki ɗaure yake da lambar BVN. Kuɗi su fita daga asusun gwamnati zuwa kamfanin matarka, washegari su wuce asusunka ko na mai gidan da kake haya, duk a rubuce yake, ba ya gogewa. Gwamnati na canjawa, shugabanni na canjawa, sabon da ya zo kuma yakan fara ne da buɗe fayilolin wanda ya gada. Abin da ya fi damuna a nan ita ce baiwar Allah da ke gidanka. Sunanta ne a takardar rajista, sa hannunta ne a banki. Ranar bincike ita za a aika wa takardar gayyata, ta zauna gaban jami'ai tana amsa tambaya kan litar mai da buhunan dusa da ko ganinsu ba ta taɓa yi ba. Iyayenta amana suka ba ka. Ka tambayi kanka da wane ido za ka kalli surukinka a ranar.

Ko da babu ICPC, akwai wanda ba a ɓoye masa fayil. Ka san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya tura karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi magana a kai, ya tambaya me ya sa bai zauna a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar ba. Ka auna kanka da wannan tambaya. Da ba ka riƙe da sito, da oga zai kira ka ya ce ka kawo kamfani? A wani hadisin kuma an ce wanda aka ba aiki ya ɓoye ko da allura ce, zai zo da ita ranar ƙiyama.

Akwai wani labari da ya fi kusa da irin aikinka. Abdullahi ɗan Sayyidina Umar ya sayi raƙuma da kuɗinsa na halal, ya kai su hurumin da aka keɓe don dabbobin baitulmali, suka yi ƙiba, ya kawo su kasuwa. Da Umar ya gansu ya ji na waye, sai ya ce ai mutane cewa za su riƙa yi a kiwata raƙuman ɗan Sarkin Muminai, a shayar da raƙuman ɗan Sarkin Muminai. Ya umarce shi ya ɗauki uwar kuɗinsa, ribar ta shiga baitulmali. Abdullahi bai saci raƙumi ba, bai yi ƙarya a ciniki ba, kuma kowa ya san tsoron Allahnsa. Abin da Umar ya gani shi ne ribar ta bi ta kan kujera kafin ta iso hannunsa. Wannan ita ce amsar tambayarka ta "ina laifina".

Yanzu ka dubi tayin kansa. Oga ya ce ya lura kai kaɗai ne ba ka samun komai. Ni abin da na ji a wannan magana shi ne kai kaɗai ne har yanzu za ka iya cewa kaya ba su cika ba, kuma hakan ya tsaya wa wasu a rai. Ba na rantsuwa a kan zuciyar mutum, mai yiwuwa akwai tausayi a ciki. Amma sakamakon ɗaya ne. Daga ranar da aka biya kamfanin matarka baucar farko, duk takardar da aka ajiye a gabanka sai ka sa mata hannu, ko ka ga kayan ko ba ka gani ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da abu ya fashe kuma, sa hannun da ke ƙasan takardar karɓar kaya shi ake fara nema, ba umarnin da aka bayar da baki a ofis ba.

Ka ɓoye sunan wurin aikinka, kuma hakan ya yi daidai. Amma duk ɗan Bauchi ya san abin da irin waɗannan wurare suke a wurinmu. Yankari tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa baƙi a 1962, gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, yana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe da suka rage a Najeriya, ga ruwan Wikki da ɗuminsa ba ya canjawa rani da damina. A Sumu, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo tun daga Namibiya. A wuri irin wannan, babba ko ƙarami, man da ya yi ƙasa a tanki yana nufin motar sintiri ba ta fita ba, mai gadin daji ya taka da ƙafa ya tari mafarauci mai bindiga. Famfon da aka biya kuɗin gyaransa ba a gyara ba yana nufin dabba ta kwana da ƙishirwa a watan Afrilu. Baƙon da ya taso daga Kano ko Jos da iyalinsa ya tarar da ɗaki ba wuta ba ruwa ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa wasu. Sannan akwai ɗan kasuwar da ya bi ƙa'ida, ya biya haraji, ya kawo takardar farashinsa, bai san an riga an raba aikin a cikin gida ba. Shi ma yana da 'ya'ya da haya, kuma haƙƙinsa na kan duk wanda ya zauna a kwamitin.

Ƙanenka ba ma'aikacin gwamnati ba ne, shagonsa na gaske ne, babu dokar da ta hana shi neman kwangila. Kai ne aka ɗaure wa hannu, ba shi ba. Akwai taimako mai yawa da za ka yi masa ba tare da ka taɓa amanarka ba. Ka zaunar da shi ka nuna masa yadda ake yi: rajistar CAC, takardar shaidar biyan haraji, rajista da ofishin tantance kwangiloli na jiha, yadda ake rubuta takardar farashi, inda ake liƙa sanarwar ayyuka. Wannan ilimi ne da kowa ke da damar samu, mutane da yawa rashin mai nuna musu ne kawai ya hana su. Sai ka ce ya nemi aiki a ma'aikatun da ba ka da hannu a ciki, ga makarantu, ga asibitoci, ga ƙananan hukumomi 20 a jihar nan. Abokan aikinka masu gini da kuɗin aljihunsu, ka kai su shagonsa. Amma ban da 'yan kwangilar da kake karɓar kayansu. Idan ka ce wa ɗayansu ya riƙa sayen siminti wurin ƙanenka, ba zai iya ƙi ba, kuma zai jira ka rama masa a bakin sito.

Idan ya nace sai ya nema a wurinku, to ka rubuta wa shugaban wurin takarda, ba da baki ba, ka ce mai kamfani kaza ƙanenka ne, kana neman a cire ka daga duk abin da ya shafi wannan aiki. Ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Kada ka zauna a kwamitin ranar, kada ka faɗa masa farashin da wasu suka sa ko kuɗin da aka ware, kada ka karɓi kayansa, kada ka bi masa fayil. Gaskiya a ƙaramin ofis inda mai sito ɗaya ne, cika waɗannan sharuɗɗa na da wuya, shi ya sa na fi son ya nema a wani wuri. Kuma ka yi hattara, idan ka ƙi kamfanin matarka, ana iya juyowa a ce to a ba ƙanenka. Idan don a rufe maka baki aka ba shi, linzamin nan ne dai aka sake ɗaura maka, sashe na 19 kuma yana nan.

Hajiya kuwa, kada ka yi mata wannan magana a waya, kada kuma ka yi ta a gaban ƙanenka. Ka je da kanka, ka zauna a ƙasa kamar yadda ka saba, ka bari ta gama faɗin abin da ke ranta. Ba son zuciya ne ya sa ta magana ba. Uwa ce ta ga ɗa ɗaya a kan kujera, ɗaya yana fama, kuma abin da aka gaya mata shi ne ka ƙi taimako. Ba a gaya mata akwai ɗaurin shekaru a ciki ba. Ka ce mata: "Hajiya, idan na yi abin da yake so, aikin zai tafi, fanshona zai tafi, kuma ni da shi za a kira. Ga abin da zan iya yi masa, kuma na fara." Ka lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya, domin idan "a'a" kaɗai ka kai mata, za ta ji kamar ka yar da ɗan'uwanka ne. Idan akwai kawu ko malamin da take jin maganarsa, ka fara sanar da shi. Biyayya ga iyaye wajibi ce a cikin abin da yake daidai, kuma ko inda ba za a bi su ba, Alƙur'ani ya ce a zauna da su da kyautatawa. In ta yi fushi, ka ƙara yawan zuwa gaisuwa, kada ka rage. Ka roƙe ta ta sa maka albarka a kan aikin.

Ban manta da albashin ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai kamo tsadar ba. Ba zan ce maka ka yi haƙuri kawai in tashi ba. Tsarin mulkin da ya hana ka kasuwanci ya bar maka noma a buɗe, kuma ƙasarmu tana karɓar riɗi, da gyaɗa, da masara, da wake. Ko aron gona ne ka samu, ka fara da abin da za ka iya. Kiwon raguna don Babbar Sallah ko 'yan kaji a bayan gida yana rufe wata ɓaraka. Sharaɗin dai kada harawar gonarka ta shiga siton ofis da sunan sayarwa, kada dusar ofis ta shiga bakin ragonka. Matarka ma tana da 'yancin yin sana'arta da sunanta, da jarinta, ta sayar wa duk wanda ta ga dama in ban da ofishinku. Idan kuna da ƙungiyar adashin ma'aikata, rancen da za ka fara noman ya fi sauƙi a can. Masu binka bashi kuma ka same su tun kafin su same ka, ku yanka abin da za ka riƙa biya duk wata.

Oga kuma ba sai ka yi masa wa'azi ba. Ka same shi shi kaɗai ka ce: "Ranka ya daɗe, na gode da ka tuna da ni, amma na yi shawara, ba zan iya ba." Kada ka ƙara, kada ka zargi kowa, kada ka kai zancen majalisa. Daga nan sai ka tsare littafin sitonka. Abin da ka ƙirga da idonka shi za ka rubuta, da kwanan wata, ko da ya saɓa wa abin da ke kan takardar oda, kuma ka riƙa ajiye kwafin takardun karɓar kaya a wurinka. Idan aka ce ka sa hannu a kan abin da bai zo ba, ka nemi a ba ka umarnin a rubuce cikin ladabi, da wuya a samu mai rubutawa. Mai yiwuwa a daina sa ka a kwamiti, mai yiwuwa a yi maka canjin wurin aiki, ka shirya wa hakan tun yanzu, kai da iyalinka. Idan matsin ya kai ga barazana, ka nemi canjin da kanka ta hannun ma'aikatarku, ka kuma sami lauya ya duba takardun da ka tara kafin ka ɗauki wani mataki. ICPC na karɓar koke a rubuce, EFCC kuma tana da ofishin shiyya a Gombe. Ka sake rubuto mini bayan ka ga Hajiya, in ji yadda kuka yi.